Tokar da Ummusalama Ta Mayar Gona

Ummusalama ba ta taɓa mallakar gona ba, amma tun tana yarinya a Hawata da gona take ci. Sana'arta ruwan toka ce, abin da Larabawan Gadarif ke kira kombo. Idan an gama yankan riɗi an kakkaɓe shi, sai a bar karan a gona tsibi-tsibi. Ita da matan unguwarsu sukan ɗauki karo, wato keken jaki, su je su kwaso. A bayan gida take ƙona karan, ta bar tokar ta huce, ta zuba a tukunya mai huje-huje a gindi wadda aka shimfiɗa wa ciyawa, sannan ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Abin da ke ɗigowa a kwano ja ne kamar shayi, da santsi a yatsa, yana cizon harshe. Wani ta sayar a kwalba, wani ta dafa har ya ƙafe ya zama curi. Da shi miyar kuɓewa ke yin yauƙi, da shi wake ke nuna ba a ƙarar da gawayi ba.

Wajen kakarta ta koyi aikin. Aure ya kawo ta Gadarif, gidan Ya'u, wanda ya yi rayuwarsa yana yankan riɗi da dawa a manyan gonakin tarakta da ake kira mashru'u. Lokacin da wannan labari ya faru idonsa ya yi rauni, ya daina fita. Babban ɗansu kuma an ɗauke shi aikin soja na dole. Tukwanen toka su ke riƙe da gidan. Kowa Hajja yake ce mata, ko da yake ita da bakinta takan ce tafiyarta gabas ba ta wuce Kassala ba.

A kakar 1997 ne aka hana su kara. Shekarun nan rediyo ba shi da zance sai na a ci abin da aka noma, manoman Gadarif kuwa suna kukan baƙar ƙasarsu ta gaji, faddan, wato kimanin eka guda, ba ya ba da abin da yake bayarwa a da. Matan suka isa bakin mashru'un Alhaji Abdelrahman, a kan hanyar Showak, inda suka saba kwasa, suka tarar da wakilinsa Maliki tsaye a mashiga. Maliki Bahaushe ne, ɗan unguwarsu, a hannun Ya'u ya koyi riƙon lauje kafin ya zama wakili.

"Inna, a yi haƙuri," in ji shi. "Bana babu."

"Babu me? Ga shi can ina gani tsibi-tsibi."

"Babu izini. Alhaji ya ce ko tsinke kada ya fita."

"Ci zai yi?"

"Ƙasa za ta ci. Haka Duktura ta faɗa a taron manoma. Duk abin da ya fita daga gona da ƙarfin gonar ya fita."

Atine, ƙawar Ummusalama kuma abokiyar sana'arta, ta leƙo daga kan karo. "Wakili, yaushe ka fara magana da bakin daktoci? Jiya-jiya muke ɗaure maka yatsa da tsumma, kana kuka lauje ya yanke ka."

Maliki ya yi dariya, amma bai matsa ba. Kafin mako ya zagayo gonakin da ke maƙwabtaka duk sun bi sahu. Abin da ya fi ƙona wa matan rai shi ne, karan da aka hana su ba a bar shi ya ruɓe ba. Gab da damina aka cinna masa wuta a inda yake, don tarakta ta sami hanya, iska ta kwashi rabin tokar ta yi gaba da ita.

Ummusalama ta yi tambaya har aka nuna mata inda Dukturar take: wani ƙaramin gini na binciken noma a gefen gari, ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. Duktura Hiba mace ce da ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, sanye da farin mayafi irin na ma'aikata, hannayenta duk laka. Ƙasa take nazari. Abin da ya dame ta shekara da shekaru shi ne wani sinadari da ake kira fosfor, wanda shuka ba ta yin saiwa mai kyau ko ƙwaya mai nauyi sai da shi. Baƙar lakar Gadarif tana da shi, amma ta riƙe shi gam, kaɗan take sakar wa shuka. Tambayar Hiba ita ce: me ke sa abin da ƙasa ta kulle ya sake motsi?

Da Larabci suka yi magana, kamar yadda aka saba.

"Ke ce kika ce a hana mu kara?"

"Ban ce a hana kowa ba, ya Hajja. Na ce kara yana ɗauke da abin da ya tsotsa daga ƙasa, in an fitar da shi an fitar da abin. Wannan kuwa gaskiya ne, ba zan janye ba."

"To gaskiyarki ta kashe mana wuta."

Hiba ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo mata kujera. Ta tambayi yadda ake aikin tun daga farko. Ummusalama ta faɗa, a taƙaice, da fushi. Da ta zo wajen tacewa, Hiba ta tsayar da ita.

"Abin da ya rage a tukunya fa?"

"Wannan ai matacciyar toka ce. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da cizo. Zubarwa muke yi."

"A ina?"

"Bayan gida. Ina za mu kai ta?"

Washegari Hiba ta zo unguwar da motar ofis, yara na bin ta a guje. Bayan bukkokin Ummusalama akwai wani tudu fari-fari da ya kusa kai ƙugu, tokar shekaru ce ta taru. A nan ake ɗaure awaki, a nan ake watsa ruwan wanke-wanke. A gefensa akwai kuɓewa da ta fi mutum tsawo. Ummusalama ta ce albarkar kashin awaki ce. Hiba ta ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma ba shi kaɗai ba.

A tsaye a wurin Hiba ta yi mata bayani. Wuta tana tafiya da wani abu cikin hayaƙi, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, wannan ko a gona aka ƙona ko a gida ya tafi. Ruwa kuma yana wanke wani gishiri mai suna botasiyam, shi ne cizon da ake ji a kombo, kuma ƙasar nan ba ta cika rasa shi ba. Fosfor shi ne mai taurin kai, ba ya bin hayaƙi sosai, ba ya bin ruwa, yana nan kwance a cikin tokar da ake cewa ta mutu.

"Kenan abin da gona ke nema ban sayar da shi ba," in ji Ummusalama. "Yana nan ƙarƙashin awakina."

"Yana nan. Amma kasancewarsa a nan daban, shuka ta iya ɗaukarsa daban. In aka mayar da shi gona laka za ta iya kulle shi kamar yadda ta kulle sauran. Ban sani ba tukuna. Sai an gwada. Kuma in faɗa miki tun yanzu, ya Hajja: in gwajin ya ce ba amfani, haka zan je in faɗa."

Ummusalama ta dube ta sama da ƙasa. "A gwada."

Ofishin ba shi da kayan aiki da yawa. Shekarun takunkumi ne, kwalbar awo in ta fashe ba a samun wata, magungunan gwaji sai an jira daga Wad Madani. Hiba ta tara gwangwanayen man girki, aka huda gindinsu, aka cika da ƙasar da aka ɗebo daga mashru'un Alhaji Abdelrahman. Aka jera su a farfajiya ƙarƙashin ragar waya saboda tsuntsaye. Wasu ƙasa ce zalla, wasu an haɗa da tokar da aka tace ba da daɗewa ba, wasu da tokar tsohon tudu. A kowanne aka shuka dawa.

Ummusalama ce ta kawo tokar, kuma ba ta tsaya nan ba. Kusan kullum da hantsi sai ta zo, ta tsuguna gaban gwangwanayen. Hiba ta nuna mata yadda ake ba kowanne ruwa daidai da na ɗan'uwansa, da kofi ɗaya, da yadda ake sauya musu wuri don kada wani ya fi wani samun rana. A garin da ruwa ke zuwa a bayan jaki, zuba wa gwangwani ruwa mai kyau abu ne da Atine ta kasa haɗiyewa.

"Mu muna wanka da rabin buta, dawar gwamnati na shan kofi," in ji ta, ranar da ta raka ta. Ta waiga ta ga Hiba ta shiga ciki, sai ta rage murya. "Yaya, waɗanne ne namu? Ki riƙa ɗan tsoma musu ruwan kashin awaki mana. Wa zai sani?"

"Dawar za ta sani."

"Dawa ba ta da baki."

"In aka kai gona fa, ta ƙi yi? Ke za ki bi faddan dubu da ruwan kashin awaki a buta?"

Da dawar ta kai gwiwa, bambanci ya fito, amma ba yadda Ummusalama ta so ba. Gwangwanayen sabuwar tokar da aka tace kusan ɗaya suke da na ƙasa zalla. Na tsohon tudu ne suka yi kauri, ganyensu ya yi faɗi. Ta nuna su da murna, ta ce a tafi wajen Alhaji yau.

Hiba ta girgiza kai. "Ba zan iya ba. Tudun nan akwai kashin awaki a ciki. Alhaji zai ce taki ne ya yi aikin, ba toka ba, kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Ke ma haka kika ce ranar da na zo gidanki."

"To me ya rage?"

"A sake. Wasu da kashin awaki kaɗai, wasu da kashin da toka a haɗe, a bar su su ruɓe tare kafin a shuka. In na haɗin ya fi, toka ce ta ƙara."

"Har yaushe?"

"Kakar bana ta wuce mu."

Ummusalama ta tashi, ta karkaɗe zaninta, ta tafi ba sallama.

Wannan shekarar ta yi mata nauyi. Ta gwada tokar karan dawa da take saye wajen masu dabbobi, masu sayen kombonta suka ce ba ɗaya ba ne, wasu suka koma kanwa. Ta koma suyar gyaɗa a bakin tasha, inda 'yan sandan kasuwa kan zo su tashe su. Wasu matan suka bi lori zuwa Fau cirar auduga. Waɗanda suka rage suka fara ce mata 'yar aikin Duktura, suna cewa ta je ta zama mai ba gwangwani ruwa, ta bar su da yunwa. Ya'u, daga kan tabarmarsa, ya ce mata ta rabu da abin, daktoci ba sa gaggawa don ba a gidansu tukunya ke jira ba.

Duk da haka ba ta daɗe ba ta koma ofishin. Ta tarar Hiba tana cuɗa toka da kashin awaki a cikin daro, ita kaɗai.

"Ba haka ake yi ba, 'yata, zai bushe miki. Yayyafa ruwa, ki rufe da buhu."

"Na ɗauka kin yi fushi."

"Na yi. Matsa."

Suka bar haɗin ya kwanta, suna juya shi lokaci-lokaci. Hiba ta ce abin da take zato shi ne, ƙananan halittun da ke ruɓar da taki suna fitar da ɗan tsami, tsamin nan ke sassauta fosfor daga toka, kuma ruɓaɓɓen takin yana hana laka saurin kama shi. Ummusalama ta ce ita dai ta san ƙamshin ya sauya, ya koma na ƙasa bayan ruwan farko. Aka sake shuka. Wannan karon da dawar ta yi girma, Hiba ta yanke ta, ta shanya, ta auna nauyin kowace, ta niƙa ganyen ta aika Wad Madani a bas don a duba yawan fosfor da ya shiga jikinsa.

Amsar ta zo ana shirin yankan riɗin 1999. Na haɗin toka da taki ya fi na taki kaɗai, a nauyi da kuma fosfor ɗin da ke cikin ganye. Ratar ba mai yawa ba ce, amma ta fito a kusan kowane gwangwani.

Alhaji Abdelrahman ya karɓe su a rumfarsa ta kasuwar amfanin gona, tsakanin buhunan riɗi, Maliki na tsaye a gefe. Hiba ta faɗi abin da aka gani, ba ta ƙara gishiri ba. Ta ce wannan gwaji ne na gwangwani, gona kuwa sai an gani. Ta ce tokar matan unguwa ɗaya ba za ta farfaɗo da mashru'u ba, iyakarta wani ɗan yanki. Ta ce mafi alheri a bar kara ya ruɓe a inda yake.

"Wannan ba zai yiwu ba," in ji Alhaji. "Yana shaƙe faifan tarakta."

"To tunda ƙonawa za a yi, ƙonawar matan nan ta fi taku. Taku iska ke kwashewa. Tasu tana wuri ɗaya, kuma in ta kwanta da taki shuka na iya ɗaukar abin da ke ciki."

Alhaji ya juya ga Ummusalama. "Ya Hajja, wa zai tabbatar mini tokar za ta dawo? Kara in ya fita ya fita. Wakilina ba zai bi ku gida-gida yana leƙa bayan ɗaki ba."

"Ba sai ya bi mu ba. Karo ya shigo da toka, ya fita da kara. Wanda ya zo wayam ya koma wayam."

"Wa zai tsaya a kai?"

"Ni."

Maliki ya yi gyaran murya. "Alhaji, in Inna ta ce za ta tsaya, ni kaina sai na nuna toka kafin in shiga."

Alhaji ya yi dariya, ya ce a gwada kaka ɗaya, a zuba a yankin da ke kusa da mashiga, Duktura ta riƙa zuwa tana dubawa.

Tudun bayan gidanta shi ya fara tafiya. Ta cire kuɓewar da hannunta, ta sa aka sassare shi da fartanya aka loda. Ya'u ya ce a bar musu ko ɗan gefe saboda miya, ta ce ba za ta nemi a wajen wasu abin da ba ta fara bayarwa ba. Ta bi gidajen masu sana'ar ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu yadda za su riƙa tara tokar a rami tare da kashin dabbobi, su yayyafa ruwa, su rufe. Sabuwar toka da aka tace jiya ba ta karɓuwa, sai wadda ta kwana biyu ta yi duhu. Ta koyi gane ta da hannu da hanci, kuma in ta yi shakka takan ɗebi kaɗan a ƙullin zani ta kai wa Hiba.

An tambayi Ummusalama daga baya, a wani taron manoma da Hiba ta gayyace ta, ko ta fahimci abin da binciken ya gano. Ta miƙe a gaban masu manyan rawuna, ta gyara mayafinta, ta ce ta fahimta sarai. Riɗi ya ɗauko abu daga ƙasa ya ajiye a kara. Wuta ta buɗe karan. Ita ta ɗebi nata rabon da ruwa, na miya. Rabon gona ya rage a toka a kulle, taki ya buɗe shi, saiwa ta ɗauka. Ta ce ita a tsakiyar hanyar take, kuma shekaru da yawa abin yana tsayawa a bayan gidanta don ba ta san hanyar ba ta ƙare ba. Hiba ta ce da za ta rubuta shi, da haka za ta rubuta, sai dai da dogayen kalmomi.

Ranar da aka buɗe mashiga, Ummusalama ta riga kowa isa. Ta zauna a kan wani juyayyen daro, Maliki na gefe yana shan shayi. Karon da ya fara shiga nata ne, na biyu na Sakinatu, wata bazawara mai 'ya'ya da yawa, wadda tokarta ta yi baƙi ƙirin. Ummusalama ta tura hannu har wuyan hannu, ta shinshina, ta ɗaga kai aka wuce. Haka aka yi ta shiga, ana juye toka a yankin da aka ware, ana fita da kara har ya rufe kunnuwan jakai.

Can rana ta ɗaga sai ga Atine, karonta fayau, sai igiya da tabarma.

"Ina tokarki?"

"Yaya, ramina bai nuna ba. Gobe zan kawo ninki biyu, wallahi."

"To gobe ki ɗauki ninki biyu."

"Ni ce fa. Atine. Tare muka sha ranar bara."

"Na gane ki. Juya jakin."

Atine ta dubi Maliki. "Wakili, ka sa baki mana."

Maliki ya ɗaga kofinsa. "Ni yau baƙo ne a nan."

Atine ta ja linzami tana mita, tana cewa an ba tsohuwa daro ta mai da shi kujerar hakimi, gobe sai ta ce a cire takalmi kafin a gaishe ta. Matan da ke layi suka yi ta dariya. Ummusalama kuwa ta riga ta tura hannu cikin tokar karon da ke biye.

Da yamma, da ta sauke nata karan a bayan gida, ta raba shi biyu, ta aika rabi gidan Atine. Washegari Atine ta zo mashiga da tokar da ta roƙo wajen maƙwabta, rabin karo. Ummusalama ta shinshina, ta ce rabin kara za ta ɗauka.